Saloma Mai Aurar da Gwanda

Idan gari ya waye a Zuru, kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Mama Saloma ta riga ta share tsakar gida, ta ɗaura kallabinta mai ruwan ƙasa, ta zura takalman robar nan nata da kowanne da irin launinsa, ta kama hanyar gandun renon itatuwa da ke bayan gari. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa. Wanda ya gaishe ta a hanya zai samu amsa cikakkiya har da tambayar yara da gajiyar jiya, amma ƙafarta na tafiya, sai dai ka bi ta kana amsawa.

Da ta isa, rijiya take fara nufa. Garwa biyu gare ta masu kan rariya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da su take bin layin 'yan dashe ɗaya bayan ɗaya, mangwaro da kashu da gwaba da lemo da gwanda, kowanne tsaye cikin baƙar ledarsa kamar 'yan makaranta a filin taro. In ta gama ban ruwa sai ta zauna a gindin ɗorawa, ta haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, tana cika leda tana magana da tsiron da ke gabanta. "Kai kuma me ya same ka ka yi laushi? Jiya fa lafiya muka rabu." Haka take yi shekara talatin da ɗaya. A takardar aiki sunanta lebura, kuma da wannan sunan za ta ajiye garwa a ƙarshen watan nan na Disambar 2008. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani game da ita tun tana ji da kunnenta, don yabon da ake jira sai mutum ya kwanta dama, ƙasa kaɗai ke shan sa.

Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar ba ta da tsawon da zai hana hira. Saloma ba ta yi boko mai nisa ba. Tana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, tana iya sa hannu a takarda, shi ke nan. Ilminta na itace daga ido ta samo shi. Ta ce tun tana yarinya kakarta ta tsayar da ita a bakin rafi gaban giginya biyu, ta ce mata, "Wannan tana zubo 'ya'ya kowace shekara, wancan bai taɓa zubo ko ɗaya ba. Amma ranar da aka sare wancan, wannan ma ta gama." Maganar ta zauna mata. Da ta fara aiki a gandu sai ta riƙa leƙa cikin fure tana kallon abin da ƙudan zuma ke yi, har ta gane abin da malaman gona ke karantawa a littafi.

Ga yadda take bayyana wa masu zuwa karɓar dashe, kuma na ji ta faɗa ya fi sau ɗari. Yawancin itatuwa, kamar mangwaro, mace da namiji a jiki ɗaya suke, ba ruwanka da neman wani. Amma akwai waɗanda Allah ya raba musu gida, irin su giginya da dabino da gwandar nan tamu ta gida. Macen gwanda furenta babba ne, manne da jikin itacen, da ɗan kumburi a gindinsa kamar ƙwan kurciya. Wannan kumburin shi ne gwandar gobe. Namijin kuwa furanninsa ƙanana ne, da yawa, suna reto a kan dogayen sanduna, da yamma su cika wuri da ƙanshi. Cikinsu akwai wani gari mai ruwan ɗorawa. In garin nan bai isa kan furen macen ba, kumburin zai yi rawaya ya faɗi, ko kuma ya ɗan girma ba iri a ciki. Masu kai garin su ne ƙudan zuma da wasu manyan malam-buɗe-littafi masu dogon baki da ke fitowa da magariba, wani lokaci har da iska. Kuma ba mai iya gane mace da namiji tun suna cikin leda, sai sun yi fure. Don haka take cewa a dasa uku a rami ɗaya, in sun nuna kansu a rage, amma a kowace mace goma a bar namiji ɗaya.

Mutane na cewa to, su tafi, su sare mazan duka. Wa zai shayar da abin da ba ya haihuwa?

Ita dai a bayan ɗakinta akwai wani namijin gwanda da ya fi rufin kwano tsawo, tana zuba masa ruwan wanke-wanke tana kare shi daga awaki. Matan unguwa muka sa masa suna Ango. Mijinta, Baba Haggai, tsohon soja ne da ya ajiye kaki tun zamanin da, a gindinsa yake shimfiɗa tabarma da rediyonsa. In ka shigo ya ce, "Shigo ka gan mu, mu biyu ne marasa aiki a gidan nan, kuma duk ita ke ciyar da mu." Saloma ta ce, "Shi dai ƙanshi yake yi." Mu yi ta dariya. Ba wanda ya san akwai ranar da gidan mutum biyar zai rataya a kan furen Ango.

A daminar 2003 wata mata mai suna Rebecca ta zo gandu. Mijinta Solomon soja ne, ya tafi aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa, akwatinsa kawai ya dawo. Ta ɗan zauna a bariki, daga baya ta kwaso 'ya'ya huɗu ta dawo garin mijin, Dabai. Babban gidan yanzu shi ne Abel, yayan marigayin, manomi ne mai baki tara a wuyansa. Ba mugu ba ne, amma rumbunsa ba ya ƙarya. Ya tara 'yan'uwa, aka yi shawara, ya ce mata, "Matar ƙanena, ga fili nan a bakin rafi, shi ne mafi kyau a ƙasar gidanmu. Na ba ki daga wannan damina zuwa shukar baɗi. In ya ciyar da ke da yaran, naki ne muddin ina numfashi. In bai yi ba, zan mayar da shi dawa, mu raba yaran a tsakaninmu mu riƙe, ke kuma ki koma wurin mutanenki a Danko. Ba don ƙi ba. Baki biyar ne ba zan iya ƙarawa a tukunya ɗaya ba."

Rebecca ta taɓa zama a bariki a kudu, ta ga yadda gwanda ke riƙe gida, tana haihuwa wata da watanni ba ta jiran damina. Ta ce gwanda za ta yi. Saloma ta zaɓar mata dashe masu ƙwari da hannunta, ta yi mata karatun nan na uku a rami da ɗaya cikin goma, ta sa ta maimaita sau biyu. Rebecca kuwa ta riƙe. Ta haƙa rami sittin, ta dasa, da ruwa ya ɗauke ta riƙa ɗebo na rafi a ka. Da suka yi fure wajen watan Nuwamba ta rage su yadda aka ce mata, ta bar maza shida a warwatse cikin lambun.

Sai ƙaramin ɗanta ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ta yi kwana tara da shi a asibiti a nan Zuru. Abel ya ce kada ta damu, shi zai kula da lambun. Ya kuwa kula. Shi da matarsa suka riƙa ban ruwa safe da yamma. A nan ne ya lura da itatuwa shida da ke shan ruwa daidai da sauran, ba su da komai sai fure mai reto. Da farko ya yi musu abin da ya ga tsofaffi na yi, ya ɗaura wa kowanne tsumman zane a ƙugu, ya soka masa tsinke a jiki, wai ko kunya za ta sa su koma mata. Kwana huɗu ba su koma ba. Ya tuna wuyan matar ƙanensa da tulun ruwa, tausayi ya kama shi, ya ɗauko adda ya sare su duka shida daidai gwiwa. Da ta dawo har yana mata albishir cewa ya rage mata wahala.

Rebecca ba ta iya yi masa faɗa ba. Yayan miji ne, kuma alheri ya nufa. Ta yi fatan ko akwai wani namijin a gidajen kusa. Babu, domin duk ƙauyen haka ake yi musu.

Mako uku bayan haka na ga Rebecca da idona, don ranar na je gandu neman dashen gwaba. Ta zo ta durƙusa gaban Saloma, ta kwance bakin zanenta, ta zube wasu 'yan gwanda kamar babban yatsa, duk sun yi rawaya sun yanƙwane.

"Mama, kowace safiya haka nake tsince su a ƙasa. Ko maganin feshi zan saya?"

Saloma ta ɗauki ɗaya, ta tsaga da farce, ta duba ciki, ta miƙa mata. "Kin ga iri?"

"Babu."

"Ba ciwo ba ne, ɗiyata. Wa ya taɓa mazan?"

Rebecca ta sunkuyar da kai, ta faɗi yadda aka yi. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai magana da ƙasa, "Saura wata biyar a yi shuka. Ƙaramin ko shekara huɗu bai cika ba."

Saloma ba ta ce sannu ba, ba ta ce Allah ya kyauta ba. Lissafi ta shiga yi da yatsu. In aka sake shuka iri yau, kafin namiji ya yi fure an kai wata biyar ko shida, lokaci ya ƙure. Gwanda kuma daga fure zuwa girman da za a nuna wa mutum tana son wata huɗu. Ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta nufi rumfar shugaban gandun, Malam Ladan. Shi ya ba ni labarin abin da ta ce masa.

"Malam, ina roƙon ka bar ni in riƙa zuwa da hantsi har kwana arba'in. Abin da na rage da safe zan cika da yamma."

"Iya Saloma, ke da ko ranar da kika haihu sai da aka kore ki gida? Ina za ki?"

"Dabai. Zan kai aure."

"Na wa?"

"Na gwanda."

Malam Ladan ya ce mata ta je, shi zai riƙa buɗe rijiya ya fara layin lemo kafin ta iso, amma kada ta gaya wa kowa ta ga shugaba da garwa.

Washegari Baba Haggai ya tayar da tsohon babur ɗinsa, wanda sai an tura shi gangare yake yarda, ya goya ta. A cinyarta akwai kwanon sha rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, cike da furannin Ango waɗanda ke gab da buɗewa. Sun sami Abel a bakin lambun, don labari ya riga su. Ya gaishe su da ladabi, ya karɓi babur ya jingine, amma fuskarsa ba ta sake ba.

"Mama, an ce wai ni na ɓata lambun."

"Ba ka ɓata da gangan ba, Abel. Hannunka ya riga tambayarka."

"Ni fa abin da na sani ke nan. A ƙasar nan namiji ba ya tsayawa a ciyar da shi. Shekara bakwai na yi ina noman golmo a gonar surukina kafin a ba ni uwar 'ya'yana. Baba Haggai ga shi nan, shi ma ya yi. Sai itace ya tsaya yana ado da fure, mace na ɗauko masa ruwa a ka?"

Golmo, ga wanda bai sani ba, shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita, kuma duk wanda ya yi shi ba ya bari a manta.

Baba Haggai ya ce, "Ni shida na yi, na gudu na shiga soja. Har yau tana bina ɗaya."

Saloma ba ta kula shi ba. Ta ce wa Abel, "Da kake golmo, surukinka na tsaye a kanka kullum?"

"A'a. Da asuba muke zuwa, kafin ya fito mun yi nisa."

"To da ya fito ya ga kunyoyin gona a kwance, sai ya ce aljanu suka yi?"

Abel ya yi murmushin da bai so ba. "Ya san mu ne."

"Waɗannan ma suna nasu aikin, ba ka dai fito a lokacin ba. Kuma zanen da ka ɗaura musu, je ka ɗaura wa zakaranka ka ga ko zai yi ƙwai."

Matar Abel da ke bayansa ta toshe baki da gefen mayafi. Shi kuwa ya ce, "Magana dai ba ta cika rumbu. Ni na ga sanyi ne ke zubar da su, in zafi ya shigo za su kama da kansu."

"Mai yiwuwa ne," in ji Saloma. "Zaɓi biyu da ka ga sun fi kyau, ka yi musu alama. Ba zan taɓa su ba. Sauran ka bar mini."

Ya zaga, ya zaɓi biyu masu kauri a kusa da ruwa, ya ɗaura musu tsumman da ya kwance daga mazan. Rebecca ta bi itatuwan biyu da kallo kamar an cire mata su daga baki.

Daga nan Saloma ta shiga aiki. Takan ɗauki furen namiji, ta yage ganyen furen a hankali har tsinkayen da ke ɗauke da garin su fito fili, ta nemi furen mace da ya buɗe a safiyar nan, ta shafa masa a kai sau biyu ko uku, a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Wanda ta yi wa sai ta ɗaura jan zare a gindinsa don kada a maimaita. Ta sa Rebecca a gefenta, ta kama hannunta tana nuna mata. "Kada ki danna. Ba tuwo kike tuƙawa ba. Taɓa kawai." Kafin ta tafi ta zaga kututturen nan shida. Huɗu ruwa ya riga ya shiga ramin cikinsu sun ruɓe, don gwanda cikinta kamar bututu yake. Biyu da sauran rai. Ta sa aka kawo fasasshen tulu ta kife a kan kowanne, ta ce a riƙa ba su ruwa a gindi.

Haka aka yi ta yi, kowace safiya. Furen mace ba ya jira, ranar da ya buɗe ranar yake so, kuma itace hamsin da wani abu kowace da ranar da take buɗe nata. Matan da ke wanki a rafi suka gane lokacin zuwansu, da sun ji tarin babur sai ɗaya ta rangaɗa guɗa, sauran su amsa, "Ga 'yan kai ango nan." Baba Haggai ya ɗaga musu hannu kamar gwamna. Saloma kuwa kwanonta take riƙe da hannu biyu. A nan ne sunan ya kama ta, mai aurar da gwanda, har yau kuma bai sake ta ba.

Akwai safiyar da babur ya ƙi tashi, aka tura shi har gangaren ya ƙare. Ta bar mijin a bakin hanya yana zagin inji, ta ɗora kwano a ka ta taka da ƙafa har Dabai, ta yi aikin, ta dawo gandu rana ta take, ta ɗauki garwa ta cika layinta har magariba. Ranar na ji ta ta katanga tana neman ruwan zafi don ƙafa. Na ce, "Saloma, ke fa ba yarinya ba ce. Rebeccan nan 'yar'uwarki ce?" Ta ce, "Ni na ba ta dashen." Iyakar amsarta ke nan, kuma ban sake tambaya ba.

A kwana na goma sha biyu Rebecca ta tare su tun daga bakin hanya, ba ta ko gaishe su ba, ta ja hannun Saloma zuwa layin farko. Furannin da aka fara ɗaura wa jan zare ganyensu ya bushe ya faɗi, amma kumburin na nan, kore shar, ya kai ƙwan kaza. Saloma ta taɓa shi da bayan yatsa. Ta ce, "Ya kama. Ɗauko kwanon, rana na yi."

Itatuwan Abel biyu suka ci gaba da zubar da nasu. Zafi ya shigo, ba su fasa ba. Ɗaya ta riƙe 'ya'ya biyu da ba su wuce dunƙulen hannu ba. Matar Abel ta gaya wa Rebecca cewa ta gan shi ya tsinke ɗaya ya fasa, ya daɗe yana kallon cikin da ba iri, sannan ya jefa a rafi. Bayan kwana arba'in Saloma ta daina zuwa kullum, don hannun Rebecca ya faɗa. Baba Haggai ne ke kai kwanon shi kaɗai, yana cewa a ƙarshe dai an ba shi muƙami. Cikin kututture biyun nan, ɗaya ya bushe, ɗayan ya fito da reshe ta gefe, a ƙarƙashin tulun, ya miƙe, wajen watan Afrilu ya fara sako 'yan sandunan fure.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan. Kowa ya san abin da ke biye da shi: shuka, da cikar wa'adin Abel. Rebecca ta aiko a gaya wa Saloma cewa Abel ya ce gobe zai zo lambu, don Allah ta zo ta tsaya kusa da ita. Saloma ta je. Lambun ya cika, kowace itace ta rungume 'ya'yanta a wuya, manya a ƙasa ƙanana a sama, wasu sun fara ɗaukar rawaya a gefe. Amma ba a fara ci ba tukuna, kuma alkawarin cewa aka yi in fili ya ciyar da ita. Abel na da hanyar cewa bai gani ba.

Suka hango shi tafe da adda a hannu. Rebecca ta kama gefen zanen Saloma. Ya gaishe su, ya wuce su, ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga ganye yana leƙawa, har ya kai ƙarshe. Sannan ya fita daga lambun ya shiga jeji. Suka ji sara. Can ya dawo yana jan rassan ƙaya, ya nufi kututturen nan mai reshe, ya kewaye shi da shinge har ƙugu, ya danna da ƙafa ya ga ko akuya za ta iya shiga. Da ya gama ya share gumi, ya juyo.

"Matar ƙanena, dawa a tudu zan shuka ta. Nan naki ne. Ki gaya wa yaran su daina kallona kamar kura."

Rebecca ta durƙusa a cikin laka. Abel ya kau da kai don kada ya gani, ya dubi Saloma.

"Mama, ɗaya cikin nawa kika ce?"

"Cikin goma."

"To a riƙa barin biyu, saboda irina."

Ban ba da wannan labarin don shi kaɗai ta yi ba. Malam Ladan ya ce akwai masu lambun kabewa a Kanya da feshi ya kore musu ƙudan zuma, ita ta nuna musu yadda za su kai garin fure da gashin zabuwa, ta kuma roƙe su su daina feshi da safe lokacin da fure ke buɗe. Akwai na Danko, akwai na nan cikin gari, wasu ma ba su san sunanta ba, sai dai su ce tsohuwar gandu. Na zaɓi na Dabai ne don shi na gani, kuma don na san abin da aka ɗora a kan kwanon nan.

Saloma, yanzu da ke nake. Ke ce kika ba da dashe ba ki ce nauyinki ya sauka ba. Ke ce kika tsaya gaban babban gida kika faɗa masa kuskurensa, kika kuma bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Ba ki taɓa zama a kujerar ofis ba, ba a taɓa kiran sunanki a lasifika ba, amma rabin inuwar da muke zama a garin nan daga tafin hannunki ta tashi. Uwar dashe, mai aurar da gwanda, sannu da aiki.

Ku kuma masu tasowa, ba na ce kowa ya koma gandu ba. Cewa nake, duk aikin da ke hannunka, ka leƙa cikinsa kamar yadda ta leƙa cikin fure, har ka san dalilin abin da kake yi. In ka ba mutum abu, ka bi sawu ka ga ko ya kama. In kuma ka ɗaga adda a kan abin da ka ga kamar ba ya komai, ka sauke ta tukuna ka tambayi wanda ya sani.

Da Rebecca ta ji zan yi wannan rubutu, ta taso takanas daga Dabai ta same ni. Ta ce akwai maganar da shekara biyar take son faɗa miki, da ta buɗe baki sai ki aike ta ɗebo ruwa. Ta ce in rubuta ta yadda ba za ki iya katse ta ba. Ga ta nan. Bara da aka aurar da babbar 'yarta Gladys, daga ɗakin uwarta aka ɗauke ta, ƙannenta uku na tsaye a tsakar gida ɗaya, kuma uwar ce ta riƙe mata hannu har bakin ƙofa.

Mun gode, Saloma. Allah ya huce gajiya.